Ladubba da ƙa'idojin madogara ga sababbin editocin Wikipedia

Waɗannan ƙa'idoji su ne abin da ake sa ran duk wanda ya fara gyara a Wikipedia zai kiyaye, ko a sashen Hausa yake ko a na wani harshe. Kashi biyu ne: yadda ake kawo hujjar abin da aka rubuta, da yadda ake zama da sauran editoci.

Asali

Jimmy Wales da Larry Sanger ne suka buɗe Wikipedia ranar 15 ga Janairu, 2001. Ƙa'idar rashin ɗaukar ɓangare tana cikin na farko. Sharaɗin kawo madogara da hana mutum saka sakamakon bincikensa na kansa sun kafu daga baya, wajajen 2003 zuwa 2005. Abin da ya ƙara tsaurara lamarin ya faru a 2005, lokacin da wani ya rubuta ƙarya a kan ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler, ya danganta shi da kisan shugaban Amurka John Kennedy da ƙaninsa Robert Kennedy. Ƙaryar ta yi wata huɗu ba wanda ya ankara. Bayan haka sashen Turanci ya hana marasa rajista ƙirƙirar sababbin maƙaloli, aka kuma kafa doka ta musamman kan tarihin rayayyu: duk wata magana mai ɓata suna da ba ta da hujja, goge ta ake yi nan take. A 2014 aka wajabta wa wanda ake biya don ya yi gyara ya bayyana hakan.

Madogara

Nan ne sabon edita yakan yi tuntuɓe. Misali, matashin da ya tashi a Zangon Agege a Legas ya ji daga bakin kakansa yadda fataken goro suka zauna a wurin, da yadda jirgin ƙasa ya raya garin. Idan ya rubuta wannan haka kawai, wani edita zai liƙa masa alamar "ana buƙatar hujja", ko ya cire jimlar. Ba wai an ƙaryata dattijon ba ne. Mai karatu a Katsina ko Yamai ba shi da hanyar komawa ya duba.

Abin da ake karɓa shi ne wanda aka wallafa bayan tantancewa: littattafai, mujallun jami'o'i, da jaridu masu editoci. Tsofaffin jaridun Legas irin su Daily Times, wadda aka fara a 1926, da West African Pilot ta 1937 suna da amfani ga tarihin unguwanni, haka ma Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita daga Zariya a 1939. A rubuta sunan marubuci, take, kwanan wata da shafi. Madogarar ba dole ta kasance da Turanci ba. Ta Hausa, Yarbanci ko Larabci duk tana shiga. Saƙon WhatsApp da rubutun Facebook ba sa shiga.

An yi gwajin amfani da hujjar baka a Indiya da Afirka ta Kudu a 2011. Har yanzu ana ja-in-ja a kai.

Ladabi

Tushensa kyautata zato. Ana kuma hana tsofaffin editoci tsangwamar sababbi. Wanda aka soke masa gyara ba ya mayar da shi da ƙarfin tsiya, sai ya je shafin tattaunawa ya faɗi dalilinsa, ya sa hannu da alamar ~~~~. A sashen Turanci, soke gyaran wasu fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24 yana iya jawo dakatarwa.

Akwai abin da yake wa Bahaushe nauyi: a cikin maƙala ba a yi wa sarki kirari, ba a bin sunansa da "Allah ya ja zamaninsa". Suna da sarauta sun isa. Ba a kuma so mutum ya rubuta tarihin ubangidansa ko kasuwancinsa da kansa.

A batutuwa masu zafi, kamar rikicin ƙabilanci na unguwar Idi-Araba a Legas na 2002, ana jingina kowane adadi da kowane zargi ga majiyar da ta faɗe shi.