Ido Kaɗai Ba Ya Hango Shawarar Jarirai

An daɗe ana ɗauka cewa muddin idon jariri bai yi rawaya ba, to ya tsira daga shawara. Wannan kuskure ne, domin launin yakan ɓuya a fata mai duhu, kuma sinadarin bilirubin da ke haddasa ciwon yakan kai ƙololuwa tsakanin kwana 3 zuwa 5 bayan haihuwa, lokacin da yawancin masu jego sun riga sun koma gida. Kimanin kashi 60 cikin 100 na jariran da suka cika wata tara suna yin shawara a makon farko.

Likitoci suna hasashen haɗarin ne ta hanyar ɗora ƙaramar na'ura a goshin jariri ko ƙirjinsa, ko su ɗebi jini, sannan su gwada sakamakon da adadin sa'o'in da ya yi a duniya, saboda awon da ba komai ba ne a kwana na huɗu yana iya zama abin tsoro a kwana na farko. Haɗarin ya fi yawa ga bakwaini, da wanda jininsa bai dace da na mahaifiyarsa ba, da wanda ba ya samun isasshen nono. Rawayar da ta bayyana cikin sa'o'i 24 na farko kuwa tana buƙatar asibiti nan take.