Kwalin oda ya iso Gusau fanko: wa doka ta ɗora wa asarar?

Wayar da aka yi oda daga ƙasar Sin ba ta isowa Gusau sai ta ratsa hannuwa da yawa. Mai shago ya naɗe ta, masu jigilar can su kai ta sito, a loda ta a jirgi zuwa Legas ko Kano, ta tsaya gaban kwastan, sannan a ba direba a tasha ya biyo da ita ta Funtuwa da Tsafe. Idan aka yanke salatif aka ga wayam, ko aka tarar da tsumma da guntun katako a madadin waya, kowane ɗayansu zai rantse yadda aka ba shi haka ya miƙa. Mai kaya sai ya shiga neman ɓarawo. Ita doka ba daga nan take farawa ba. Abu biyu take tambaya: wa ka ba kuɗinka, kuma wa ya zaɓi wanda ya ɗauko kayan?

Mu fara da wanda ya fi kowa ƙarfin hujja, ko da yake shi ne ya fi saurin cewa ya bar wa Allah. Shi ne wanda ya ga hoton jaka ko agogo a WhatsApp ko Instagram na wata mai sana'a a nan gida, ya tura mata kuɗi, ita kuma ta yi odar daga waje. Ranar da kwali ya iso babu komai, amsar da aka saba ji ita ce: "Wallahi Hajiya ni ma asara na yi, daga can suka cuce mu, sai haƙuri." Mai yiwuwa gaskiya ta faɗa, amma cinikinki da ita kika yi, ba da mutanen can ba.

Dokar tarayya ta gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa FCCPC, hukumar da ke kula da gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye. Sashe na 122 ya ce idan an kawo wa mutum kayan da bai samu damar dubawa ba kafin a kawo, ya tarar ba su dace da abin da aka siffanta masa ba, yana da ikon ƙin karɓa cikin lokacin da hankali zai ɗauka, a mayar masa da kuɗinsa cif. Kwalin da babu komai kuwa ai ba a ma kai ga maganar siffa ba, kayan ne ba a kawo ba sam. Sashe na 129 kuma ya haramta sa sharaɗin da zai raba mai saye da haƙƙin da dokar ta ba shi. Don haka rubutun nan da ake liƙawa a ƙasan hoto, wai in an biya ba a mayar da kuɗi, ba ya kare mai sayarwa a irin wannan hali.

Wanda ya zauna gaban malaman fiƙihu ba zai ga baƙon abu a nan ba. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'ar Musulunci na Zamfara ke aiki da ita, ya halatta a sayar da abin da ba ya wurin ciniki bisa siffa, amma lamuninsa, wato alhakin asararsa, yana wuyan mai sayarwa har sai mai saye ya karɓa, sai fa in an gindaya sharaɗi tun farko cewa lamunin ya koma kan mai saye. Dokar Abuja da karatun zaure sun haɗu a nan.

Akwai wani lungu da ya kamata 'yan kasuwa su lura da shi. Wanda dokar 2018 ke karewa wajen sayen kaya shi ne wanda ya saya don amfanin kansa. Mai saro kwalayen caja don ya sayar a kasuwar Gusau ko Ƙauran Namoda ba ya cikin wannan rukuni ta fuskar kayan. Shi yarjejeniyarsa da dokar ciniki ta gama-gari ce za su yi masa aiki. Amma ta fuskar hidimar da ya biya aka yi masa, kamar jigila, yana ciki.

Na biyu shi ne wanda ya shiga manhajar AliExpress ko eBay ko Amazon da kansa, ya biya da katinsa, aka rubuta adireshinsa na Najeriya. A rubuce, dokarmu ta shafi duk harkar kasuwancin da tasirinta ya iso Najeriya. A aikace, babu wanda zai kai sammaci wani shago a birnin Guwanzu na ƙasar Sin saboda wayar naira dubu ɗari biyu. Abin da ke aiki shi ne ƙa'idar kasuwar da ka shiga, kuma ƙa'idar nan da agogo take tafiya. A eBay kwana 30 ne daga ranar da kaya suka iso. AliExpress ta saba ba da kwana 15 bayan an tabbatar da karɓa. PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, kuma kwana 180 daga ranar biya shi ne iyakar ƙarshe. Waɗannan wa'adodi kamfanoni ne ke sa su, suna kuma canza su, don haka a duba abin da ke rubuce a shafin odar.

Kuskuren da ke kayar da mutane shi ne wajen zaɓar irin ƙorafin. Mutum zai danna cewa kaya ba su iso ba. Mai sayarwa sai ya ɗora lambar bibiya da ke nuna an miƙa ƙunshi ranar kaza, shi ke nan an rufe magana. Ƙunshi ai ya iso. Abin da ke ciki ne babu. Ƙorafin da ya dace shi ne kaya ba su zo yadda aka siffanta ba, ko kwali ya zo fanko inda manhajar ta ba da wannan zaɓi. Kuskure na biyu shi ne sauraron mai sayarwa idan ya shiga lallashi: rufe ƙorafin, zan aiko da wani. Sau da yawa ƙorafin da ka rufe da hannunka ba ya sake buɗuwa, wa'adi kuma yana ta ci.

To da me za a gane gaskiya, tunda mai sayarwa na iya cewa kai ka cire ka ɓoye? Su ma suna da hujjar yin zargi, don akwai masu saye da ke wannan ha'inci. Babban shaida shi ne nauyi. Ƙunshin da ya zo ta gidan waya yana ɗauke da takardar kwastan, CN22 ko CN23, wadda ake rubuta abin da ke ciki da ƙimarsa da nauyinsa, kamfanonin jigila kuma suna auna kaya lokacin karɓa. Idan ma'aunin kamfanin jigila ya nuna giram 80 tun daga can, alhali waya da kwalinta sun ninka haka sau da yawa, to tun asali ba a sa komai ba. Idan can an auna giram 500, nan sikeli ya nuna 80, a hanya aka yi ɓarnar. Shi ya sa ake son a ɗora ƙunshi a sikeli kafin a buɗe, ko da na mai sayar da kaya a bakin titi ne, a ɗauki hoto, sannan a buɗe ana ɗaukar bidiyo ba yankewa, a nuna lambar jikinsa da kowace kusurwa. In an ga salatif iri biyu ko alamar an farke an sake liƙewa, a buɗe a gaban wanda ya kawo, a sa ya rubuta. Kwalin kuma kada a ba yara su yi mota da shi.

Sai na uku, kuma a ganina nan ne mafi yawan mutanenmu suke. Tun da bankuna suka taƙaita amfani da katin naira a waje a shekarar 2022, mutane suka saba da bin ejan: ka tura masa naira, shi ya biya da kuɗin Sin, kaya su sauka a sitonsa na can, ya haɗo da na wasu. Hanyar tana da sauƙi, amma tana yanke igiyar da ke tsakaninka da mai sayarwa. Dokar cinikin kaya ta Ingila ta 1893, wadda Najeriya ta gada kuma dokokin jihohi suka ginu a kanta, tana ɗaukar miƙa kaya ga mai jigila don kai wa mai saye tamkar miƙa wa mai sayen ne, matuƙar ba a nuna akasin haka ba. eBay ta fito fili ta ce kariyarta ba ta shafi kayan da aka bi da su ta hannun mai tura kaya na daban ba, Amazon ma ba ta ɗaukar alhakin abin da ya faru bayan kaya sun shiga hannun irin wannan kamfani. Ma'ana, da zarar sito ya sa hannu ya karɓa, mai shago ya wanke hannunsa. Batun neman banki ya janyo kuɗi ma bai taso ba, tunda ba katinka ne ya biya ba, tura kuɗi ka yi zuwa asusun wani.

Wanda ya rage maka shi ne ejan, kuma ba a rasa abin kama shi da shi ba. Sashe na 130 na dokar 2018 ya ba wanda aka yi wa hidima haƙƙin a yi masa ita yadda mai hankali zai sa rai. Ejan da ke karɓar kuɗin duba kaya, ya kasa nuna hoton abin da ya shigo sitonsa ko nauyin da ya rubuta, yana da amsar da zai bayar. Sai dai a san cewa diyyar jigila ba ta bin farashin kaya. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan sufurin jiragen sama, wadda Najeriya ke ciki, kilo take kallo: daga ƙarshen 2024 iyakar abin da kamfanin jirgi zai biya shi ne SDR 26 (ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya) kan kowane kilo, wato dala talatin da 'yan kai, sai in an bayyana ƙimar kayan tun farko an biya ƙari. Wayar da ba ta kai rabin kilo ba, ka lissafa abin da za ta samu. Ƙorafin lalacewar kaya kuma a rubuce ake yinsa cikin kwana 14. A gidan waya wata shida ake bayarwa don neman bincike, kuma asalin mai haƙƙin diyya shi ne wanda ya aiko, wanda hakan ma wani dalili ne na ka riƙe mai sayarwa, shi ya je ya nemi tasa diyyar.

Wanda ya biya da kati, in kasuwar ta ƙi sauraronsa, sai ya je bankinsa ya cike takardar neman a janyo kuɗi. Galibi wa'adin Visa da Mastercard kwana 120 ne. In banki ya yi shiru har mako biyu, ana iya kai kuka sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya, CBN. Wanda rigimarsa da ɗan gida ce, sashe na 146 na dokar 2018 ya ba shi zaɓi: ya fara da mai sayarwa, ya kai wa FCCPC ta shafinta na intanet, ko ya wuce kotu kai tsaye. 'Yan sanda na da hurumi idan akwai alamar zamba ko cin amana, amma karɓo bashi ba aikinsu ba ne.

Zangon da ya fi ba da wahala a gaban alƙali shi ne na ƙarshe, daga Kano ko Legas zuwa tashar Gusau. Nan sau da yawa babu awo, babu rasit, sai lambar waya da aka rubuta da maka a jikin kwali. Ƙa'ida ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kan wanda ya musa. In ba a rubuta komai a wurin ɗan kamasho ba, direba zai rantse ya tafi. Kafin a ɗora kaya a mota, a sa ejan ya turo hoton kwalin a kan sikeli da lambar motar, kuma a yi magana a rubuce kan wa ya ɗauki direban, kai ko shi.