Mece ce Bakteriya, kuma Waɗanne Cututtuka Take Kawowa?

Duk lokacin da annoba ta ɓulla, sai ka ji ma'aikatan lafiya a rediyo suna cewa "wannan bakteriya ce", ko "wannan bairos ne". Mu kuwa a maganar yau da kullum kuɗin goro muke yi musu, mu ce ƙwayoyin cuta. A wajen likita ba a taru an zama ɗaya ba. Abin da ke kawo ƙyanda da shan inna da ƙanjamau da mura bairos ne. Abin da ke kawo zazzaɓin cizon sauro wata halitta ce daban, ba ta cikin biyun. Kwalara da taifod da tarin fuka da mashaƙo da kuturta da tarin shiƙa da ciwon sanyi, waɗannan aikin bakteriya ne. Wannan rarrabewa ba ilimin jarrabawa ba ne kawai, domin a kanta ne ake yanke shawarar maganin da za a ba maras lafiya.

Bakteriya halitta ce mai rai wadda jikinta duka ƙwaya ɗaya ce tak. Tana cin abinci, tana fitar da abin da ba ta buƙata, tana hayayyafa ta hanyar rabewa gida biyu. Idan aka jera masu matsakaicin girma guda dubu, da kyar su cika milimita ɗaya ko biyu a kan rula. Wata irin da ake kira E. coli, idan ta samu ɗumi da abinci, cikin minti 20 ɗaya takan zama biyu. A yi lissafi: cikin awa bakwai ƙwaya ɗaya ta haura miliyan biyu. Shi ya sa miyar da ta kwana a buɗe lokacin bazara take lalacewa kafin gari ya waye.

Bairos ba shi da wannan ikon. Ba ya ci, ba ya hayayyafa da kansa, sai ya shiga cikin ƙwayar jikin mutum ya sa ta yi masa aiki. Bakteriya kuwa tana da bangonta da kayan aikinta, kuma waɗannan ne magungunan da ake kira antibayotik suke kai wa hari. Fenisilin yana hana ta gina bango sai ta fashe. Tetrasaikilin, wanda aka fi sani da ja-da-yalo, yana tsayar da wurin da take ƙera sinadaran jikinta. Bairos ba shi da bangon da za a rusa, don haka wanda ya sha kafso saboda mura ya yi asarar kuɗinsa, kuma kamar yadda za mu gani, ba a nan asarar ta tsaya ba.

Mafi yawan bakteriya ba ruwansu da cutar da kowa. Su ne ke mayar da madara kindirmo. Su ne ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa. Ƙulle-ƙullen da ake gani a saiwar gyaɗa da wake gidajensu ne, a nan suke jawo taki daga iska su ba ƙasa. Cikin hanjin kowane mutum akwai tiriliyoyinsu, suna taimakon narkar da abinci, suna kuma hana miyagun samun wurin zama. Masu cutarwa ƙalilan ne, amma ɓarnarsu ta isa.

Wani ɗan kasuwar yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, shi ya fara ganinsu a shekarun 1670 da madubin ƙara girman abu da ya ƙera da hannunsa. Sai da aka yi shekara ɗari biyu kafin a tabbatar cewa suna kawo cuta. A 1873 Gerhard Hansen a Norwe ya ga ƙwayar kuturta. A ranar 24 ga Maris 1882 likitan Jamus Robert Koch ya bayyana ƙwayar tarin fuka, kuma saboda haka ne ake tunawa da wannan cuta a duniya kowace 24 ga Maris.

Hanyar da suke cutarwa ba ɗaya ba ce. Wasu da dafi suke aiki. Ƙwayar kwalara, Vibrio cholerae, ko jini ba ta shiga. A hanji take zama, tana fitar da dafin da ke sa hanjin ya riƙa zubar da ruwan jiki, gudawa fara kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Babba mai ƙarfi yana iya bushewa ya mutu cikin 'yan sa'o'i. Abin lura a nan, babban maganinta ba antibayotik ba ne, mayar da ruwan da aka rasa ne, da ruwan gishiri da sukari ko ƙarin ruwa ta jijiya. Idan aka yi haka da wuri, cikin mutum ɗari ko ɗaya ba ya mutuwa. Amma a 2021 Najeriya ta samu fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, sama da 3,000 suka rasu, yawancinsu a jihohin Arewa. Laifin ba na rashin magani ba ne. Masai kusa da rijiya, ambaliyar damina, da nisan asibiti, su ne suka yi aikin.

Mashaƙo ma dafi ne. Ƙwayar tana yin wata fata mai launin toka a maƙogwaro har ta toshe numfashi, dafin kuma ya bi jini ya taɓa zuciya da jijiyoyi. Mutane da yawa sun ɗauka cutar ta zama tarihi, sai ga ta ta dawo a ƙarshen 2022, Kano ce ta fi jin jiki, sannan Yobe da Katsina da Bauchi da Barno, ta kuma tsallaka jihar Damagaram a Nijar. Yawancin waɗanda suka kamu yara ne da ba su kammala rigakafi ba, alhali allurar Penta da ake yi wa jariri a mako na 6 da na 10 da na 14 kyauta take, kuma tana kare shi daga mashaƙo da tarin shiƙa da tetanos baki ɗaya. Shi tetanos ɗin, ciwon da ke sarƙe haƙora ya sandarar da jiki, ba tsatsar ƙusa ce ke kawo shi ba. Ƙwayarsa na kwance a ƙasa da kashin dabbobi shekara da shekaru, tana jiran rauni mai zurfi, ko cibiyar jaririn da aka yanke da rezar da ba ta da tsabta.

Sanƙarau labarinsa daban ne, kuma namu ne fiye da na kowa, domin yankin da ya fi addaba ya miƙe ne daga Senegal zuwa Habasha, ya ratsa Nijar da Arewacin Najeriya da Cadi da Sudan. Ƙwayar da ke kawo annobarsa, Neisseria meningitidis, tana zaune a hanci da maƙogwaron kusan mutum ɗaya cikin goma ba tare da ta yi masa komai ba. Idan hunturu ya busar da hanci, ƙura ta goge shi, ga zafi ga cunkoso a ɗaki, sai ta samu kafar shiga jini ta haura zuwa rufin ƙwaƙwalwa. Zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani, wuya ya sanƙare. Cikin kwana ɗaya tana iya kisa, waɗanda suka tsira kuma wasu su kurumce. A 1996 sama da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka mutu. Ƙwayar tana da rukuni-rukuni, kuma rukunin A ne ya yi wannan ɓarna. A ƙarshen 2010 aka fara yin rigakafin MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, Najeriya ta bi a 2011, rukunin A ya kusa ɓacewa. Sai rukunin C ya taso, ya buga Nijar a 2015, ya buga Zamfara da Sakkwato da Katsina a 2017. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon rigakafin da ya haɗa rukuni biyar a allura ɗaya.

Taifod kuwa, a ganina, babu cutar da ake ɗora wa laifin da ba nata ba kamarta. Cutar gaskiya ce, ƙwayarta Salmonella Typhi, a jikin ɗan Adam kaɗai take rayuwa, tana bin ruwa da abincin da bayan gida ya taɓa. Idan ba a yi magani ba, wajen mako na uku tana iya huda hanji, sai tiyata. Matsalar ita ce gwajin da aka fi yi, wato Widal, tun 1896 aka ƙirƙiro shi, kuma ba ƙwayar yake gani ba, alamar cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ita ko da danginta yake gani. A inda cutar ta yawaita, lafiyayyen mutum ma yana iya nuna alamar. Shi ya sa kusan duk wanda ya je da zazzaɓi zai dawo da takarda an rubuta "maleriya da taifod", ya sha antibayotik na mako guda, bayan wata biyu ya sake. Gwajin da ke tabbatarwa shi ne a ɗibi jini a shuka shi a ga ko ƙwayar za ta tsiro, kuma ba kowane asibiti ke yinsa ba.

Akwai kuma masu tafiyar hawainiya. Ƙwayar tarin fuka kusan yini guda take ɗauka kafin ta rabu biyu, ga ta da bango mai kakin da magani ba ya ratsawa da sauƙi. Saboda haka ne maganinta yake ɗaukar wata shida, da magunguna huɗu a haɗe a watanni biyun farko. Bayan 'yan makonni tari yakan lafa, jiki ya fara murmurewa, mutum ya ga kamar ya warke ya ajiye magani, alhali ƙwayoyin da suka fi taurin kai suna nan. A 2023 mutum miliyan 10.8 suka kamu a duniya, kimanin miliyan 1.25 suka mutu, kuma Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu ɗauke da ita. Kuturta 'yar uwarta ce, ta ma fi ta jinkiri. Ba gado ba ce, ba ta da saurin yaɗuwa kamar yadda ake tsoro, tana warkewa cikin wata 6 zuwa 12, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da maganinta kyauta.

Wanda zai fi ba mutane mamaki shi ne gyambon ciki, wato olsa. Har yanzu cewa ake yunwa ce ko yaji ko yawan tunani. A farkon shekarun 1980 wasu likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna cewa wata ƙwaya mai suna Helicobacter pylori ce ke zaune a tumbi tana haddasa yawancinsa. Abokan aikinsu ba su yarda ba, sai Marshall ya kwankwaɗi ruwan da aka shuka ƙwayar a ciki, ya kuwa kamu da kumburin tumbi. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Ma'anar wannan, mai shan maganin kwantar da ƙwannafi shekara da shekaru wataƙila abin da yake buƙata gwaji ne da maganin mako biyu. Ɗaya babban sanadin kuma shi ne yawan shan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen.

Tunda bakteriya rayayya ce mai saurin hayayyafa, tana kuma canzawa. Cikin miliyoyin da ke jikin maras lafiya, akan samu 'yan kaɗan da maganin bai kashewa da sauƙi. Idan aka sha rabin magani, ko jabu, ko aka sha ba gaira ba dalili, raunanan su mutu, masu taurin su gaji wurin. Har ma suna iya miƙa wa wasu ƙwayoyin da ba jinsinsu ba wannan dabara. Wanda ya sha kafso don mura bai taɓa bairos ba, amma ya horar da bakteriyar da ke hanjinsa. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a Landan a 1928, da bakinsa ya yi wannan gargaɗi a 1945.

A wajenmu kuwa, antibayotik a faranti ake tallarsa a tasha da kasuwar ƙauye. Mai kemis zai ƙirga maka guda huɗu daidai kuɗinka. Ana buɗe ja-da-yalo a barbaɗa a kan gyambo, ana ba jarirai ruwan Ampiclox wai don wanke musu jini, masu kiwon kaji suna zubawa a ruwan sha ko kajin lafiyarsu ƙalau. Ban cika ganin laifin mai saye ba, domin wanda ba shi da kuɗin ganin likita da na gwaji, kemis ne asibitinsa. Amma sakamakon ba ya tambayar uzuri. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki.

Ciwon sanyi na gonoriya ya isa misali. A da fenisilin yana gamawa da shi. Ya daina. Aka koma tetrasaikilin, sannan ciprofloxacin, duk suka bi sahu, yanzu allurar ceftriaxone ake dogaro da ita, ita ma an fara samun inda ta gaza. A Pakistan tun 2016 aka samu taifod da ba ya jin kusan duk magungunan da aka saba ba shi. Idan likita ya ce a kai fitsari ko jini ko majina a shuka, abin da ake yi shi ne a tsirar da ƙwayar a faranti, a ɗora mata magunguna daban-daban, a ga wanne ne ya hana ta yaɗuwa. Yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku, na jini wani lokaci ya fi haka, kuma an fi samun amsa mai kyau idan an ɗibi samfurin kafin maras lafiya ya fara shan wani antibayotik.