Yaran Ƙasar Sin da Nahawun Turanci: Ina Gizo Yake Saƙar?

Su wane ne 'yan makarantar midil a Sin, kuma yaushe suke fara Turanci?

Su ne yaran da suka gama firamare ta shekara 6 suka shiga ƙaramar sakandare ta shekara 3, wadda Sinawa ke kira chuzhong. Yawancinsu suna tsakanin shekara 12 zuwa 15. Dokar 1986 ce ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9, kuma tun daga 2001 aka fara koyar da Turanci daga aji 3 na firamare. Kafin yaro ya gama chuzhong, manhaja tana so ya san kalmomi kusan 1,600.

A ƙarshe akwai jarrabawar zhongkao. Ita ce ke raba hanya: wa zai tafi babbar sakandare, wa zai tafi makarantar koyon sana'a. Turanci na cikin manyan darussa uku, tare da Sinanci da lissafi, kuma a wurare da dama makinsa 120 ne ko 150.

Wane ɓangaren nahawu ya fi ba su wahala?

Lokutan aikatau, ba tantama. A Sinanci aikatau ba ya sauya kama ko kaɗan. Kalmar "qu", wato tafiya, haka take jiya, haka take yau, haka za ta kasance gobe. Kalmar lokaci ko wani ɗan harafi kamar "le" ko "guo" ne ke nuna aiki ya kammala. To yaron da ya tashi a haka, ka ce masa "go" ya koma "went", kuma idan shi ko ita ake nufi sai ya zama "goes", ai ka ɗora masa kayan da bai taɓa ɗauka ba. Shi ya sa za ka ga ya rubuta "Yesterday I go to school" da zuciya ɗaya. A ganinsa tunda ya ce jiya, magana ta ƙare.

Bahaushe zai fi kowa gane wannan. Mu ma muna cewa ya tafi, zai tafi, yakan tafi, "tafi" na nan inda yake, wakilin suna ne ke ɗauke da lokaci. Sai dai mu mun saba da cewa dole a nuna lokacin a kowace jimla, su kuwa sau da yawa mahallin zance ya wadatar.

Me ya sa suke haɗa namiji da mace a magana?

Domin a bakinsu shi da ita duk "ta" ne. A rubuce alamomin sun bambanta, amma kunne ba ya jin bambanci. Yarinya za ta ci tambayar a takarda, amma da ta miƙe tana ba da labarin mahaifiyarta sai ka ji "he". Wannan ba rashin sani ba ne, harshe ne bai saba tsayawa ya zaɓa ba.

Haka "a" da "the" suke, Sinanci ba shi da su, kuma yawancin sunaye ba sa sauyawa a jam'i.

Akwai kuskuren da fassara daga Sinanci ke jawowa kai tsaye?

Da yawa, kuma su ne suka fi ban sha'awa a wurina. Sinawa suna haɗa kalmomi biyu-biyu: "yinwei" da "suoyi" (saboda da don haka), "suiran" da "danshi" (ko da yake da amma). Sai yaro ya sa "although" a farkon jimla, ya kuma sa "but" a tsakiya, alhali Turanci ɗaya yake so. Mu ma ai "ko da yake ya makara, amma ya zo" muke cewa, kuma ɗalibanmu suna faɗawa wannan ramin.

Ga kuma zaɓen kalma. Basine buɗe fitila yake yi, don haka sai ya ce "open the light". Magani kuwa cinsa yake yi, Bahaushe ya sha, Bature ya ce "take". Babu dokar nahawu da za ta koya maka wannan, sai ka yi ta cin karo da shi a cikin karatu.

Yaya tambayoyin auna fahimta suke, kuma a ina suke tuntuɓe?

Ana ba da gajerun labarai, tallace-tallace, wasiƙu ko bayanin kimiyya, sai tambayoyi masu zaɓi huɗu. Akwai kuma cike gurbi, inda ake cire kalmomi daga labari. Tambayar da amsarta ke kwance a fili ba ta da wuya. Wadda ke kayar da su ita ce ta gano manufar marubuci, ko ma'anar baƙuwar kalma daga abin da ke kewaye da ita.

Doguwar jimla ma matsala ce. Sinanci yana jera duk bayani kafin suna: "na saya jiya ɗin littafi". Turanci, kamar Hausa, sai ya kira littafin sannan ya biyo da bayani. Yaron da ke karatu kalma-kalma da yatsa, yana fassara kowace a ransa, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Abin da malamai nagari ke yi shi ne su sa ya nemo mai aikin da aikatau tukuna, ya ja musu layi, sannan ya koma ga sauran.

Hadda ba ta isa ba ne?

Tana da amfani, ba na raina ta. Ana karatun safe a makarantunsu, aji gaba ɗaya na rera kalmomi da ƙarfi, kamar yadda ake yi a makarantar allo, kuma hakan na zaunar da kalma a ka. Amma su kansu Sinawa suna da suna ga sakamakon tsayawa a nan: "yaba Yingyu", Turancin bebe. Yaro ya san doka, ya ci maki, amma baƙo ya tambaye shi hanya bakinsa ya mutu. Saboda haka ne birane irin su Beijing suka sa jarrabawar sauraro da magana ta kwamfuta a cikin zhongkao.

Ni da za a tambaye ni, da na ce a rage takardun atisaye a ba yaro ɗan labari mai sauƙi kullum, wanda ya san yawancin kalmominsa, ya karanta har ƙarshe ba tare da ƙamus ba. Tun da gwamnati ta taƙaita aikin gida da darussan kuɗi na bayan makaranta a Yulin 2021, an sami ɗan sararin yamma da za a iya yin hakan.