Mene ne Medikal Fiziks, kuma me ya haɗa shi da hoton MRI?

Duk shekara idan sunayen waɗanda suka samu gurbin jami'a suka fito, akwai gidaje a Ringim, Jahun, Gezawa da Ɗambatta da murnarsu ba ta cika. Yaro ya nemi likitanci, an ba shi fiziks. Sai uba ya tare malamin sakandaren garin bayan sallar la'asar ya ce, "Malam, wannan karatun ina yake kai mutum, in ba riƙe alli ba?" Riƙe alli ba abin rainawa ba ne. Amma akwai wata hanya daga ajin fiziks da take shiga har cikin asibiti, ita ake kira medikal fiziks.

Medikal fiziks shi ne amfani da ilimin haske, lantarki, sauti da maganaɗisu wajen gano cuta da magance ta. Mai wannan sana'a ba likita ba ne, ba ya rubuta magani. A sashen hoto na babban asibiti akwai mai ɗaukar hoto, wanda yake kwantar da maras lafiya ya sarrafa na'ura. Akwai likitan hoto, wanda yake dubawa ya faɗi abin da ya gani. Na ukunsu shi ne masanin fiziks, wanda aikinsa ya tabbatar na'urar ba ta yi ƙarya ba, kuma ba ta cutar da wanda aka sa a ciki ba. A wajen gashin cutar daji, irin wanda ake yi a asibitin koyarwa na Shika, nauyinsa ya fi haka. Likita ne yake yanke yawan hasken da za a aika wa ƙari, amma masanin fiziks ne yake auna na'urar, ya yi lissafin yadda hasken zai faɗa kan ciwon ba tare da ya ƙona lafiyayyen nama ba. Mai jinya ba kasafai yake ganinsa ba, alhali rayuwarsa tana rataye da lissafin nan.

MRI kuwa, wato hoton da ake tura mutanenmu su yi a Kano idan ana zargin matsala a ƙwaƙwalwa, laka ko gaɓoɓi, fiziks ne tsantsa. Fiye da rabin jikin mutum ruwa ne, kuma a cikin ruwa akwai ƙwayoyin haidirojin, kowace da ɗan maganaɗisunta. Idan aka shigar da mutum cikin na'urar, babban maganaɗisunta yakan sa ƙwayoyin nan su karkata zuwa fuska ɗaya. Sai a aika musu da igiyar rediyo ta girgiza su, a ɗauke, su kuma yayin komawa yadda suke sai su fitar da amsa. Wanda ya taɓa sayen randa a kasuwar Maigatari ya san ana ƙwanƙwasa ta a saurara, domin amon mai tsaga daban yake da na lafiyayya. Haka kitse, ruwa, tsoka da ƙari kowanne yake amsawa daban, kwamfuta kuma ta tattara amsoshin ta mayar da su hoto.

Ana auna ƙarfin maganaɗisun da tesla. Na'urorin manyan asibitoci sukan kai tesla 1.5 ko 3, kuma tesla 1.5 ya ninka maganaɗisun duniyar da muke takawa kusan sau 30,000. Don a samu wannan ƙarfi, ana jiƙa wayoyin na'urar cikin ruwan hiliyom mai sanyin kusan digiri 269 ƙasa da sifiri. Abu biyu nake so kowa ya riƙe a nan. Na farko, MRI ba ya amfani da hasken eksire, don haka tsoron da wasu suke yi cewa zai "ƙona jini" ba shi da tushe. Na biyu, maganaɗisun ba ya mutuwa ko da ba a ɗaukar hoto. Yana iya fizgar tukunyar iskar numfashi ko almakashi daga nesa. Saboda haka mai walda da ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa, da wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya, da mai ƙarfe a jiki bayan haɗari, dole su faɗa kafin su shiga. Kada kunya ko gudun a fasa hoton ya sa a ɓoye.

Yawancin waɗanda suka samar da wannan na'ura ba likitoci ba ne. Felix Bloch da Edward Purcell ne suka gano tushen abin a 1946, suka samu kyautar Nobel a 1952. Paul Lauterbur, masanin kemistiri a Amurka, ya nuna a 1973 cewa ana iya yin hoto da shi. Peter Mansfield na Jami'ar Nottingham a Ingila ya kawo lissafin da ya sa hoton yake fitowa da sauri. Lauterbur da Mansfield aka ba kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2003. Labarin Mansfield nake so malamanmu su riƙa ba ɗalibai: yana da shekara 15 ya bar makaranta ya kama aiki a maɗaba'a, sai daga baya ya koma karatun yamma, har ya yi digirin fiziks a Landan.

Hanyar kanta doguwa ce. Farko digirin fiziks, ko a Jami'ar Bayero, ko Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, ko ta Wudil, ko ta Sule Lamido da ke Kafin Hausa. Sai digiri na biyu a medikal fiziks, wanda ake yi a Jami'ar Legas, ko a Ghana, ko a cibiyar ICTP ta birnin Trieste a Italiya, wadda take ɗaukar ɗalibai daga ƙasashe masu tasowa. Mai son aiki da marasa lafiya, hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, ta ce sai ya ƙara aƙalla shekara 2 na horo a asibiti. Mai son koyarwa da bincike kuwa sai digiri na uku, sannan ya hau matakan lakcara har zuwa farfesa, kuma ba a hawa sai da binciken da aka wallafa. Guraben aiki kaɗan ne, na'urorin yin bincike ma haka, kuma bai kamata a ɓoye wa yaro wannan ba.

Abin da ya sa na damu da fannin shi ne inda binciken ya dosa yanzu. Babbar na'ura tana son wutar da ba ta yankewa, da hiliyom, da ɗaki na musamman, abubuwan da babban asibitin ƙaramar hukuma ba shi da su. Shi ya sa masana suka koma kan ƙananan na'urori masu raunin maganaɗisu. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata mai suna Swoop, mai tesla 0.064, wadda ake turawa a kan taya a jona ta a soket, kuma an yi aiki da ita a Blantyre ta ƙasar Malawi. A Uganda, masu bincike na Jami'ar Mbarara tare da takwarorinsu na Leiden a Holan sun harhaɗa tasu a can cikin jami'ar, da niyyar duba jariran da ruwa yake taruwa a kansu. Hotonta bai kai na babbar kyau ba. Gyara shi aikin lissafi ne da rubuta manhajar kwamfuta, abin da ɗalibi a Dutse zai iya somawa da laftof ɗinsa.

Mu ma muna da irin jariran nan, da masu shanyewar ɓarin jiki da ake ɗaukowa daga Birniwa ko Gwaram a motar haya zuwa Kano don hoto ɗaya. Wanda ya taso yana ganin wannan ya san zafi da ƙura da ɗaukewar wuta da na'ura za ta jure kafin ta yi amfani a garinsu. Don haka yaron da aka ba fiziks, tun daga aji ɗaya ya rungumi lissafi, ya koyi manhajar Python, idan lokacin horon sanin makamar aiki ya zo kuma ya nemi a tura shi sashen hoto na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano.