Waiwaye: Zanen yana nan, dalilin zanen ya tafi da mai shi

Akwai wata tambaya da masu bincike kan aikin injiniya suka fi shekara 60 suna juyawa kuma har yau ba a gama da ita ba. Idan injiniya ya zana gada ko inji ko madatsar ruwa, ina ilimin da ya yi aiki da shi yake zama bayan an tashi daga aikin? Takardar zane dai tana nan, za ta gaya maka kaurin rodi da tsawon ginshiƙi, amma ba za ta gaya maka me yasa aka ɗauki wannan rodin aka bar wancan ba, ko wace dabara aka fara gwadawa ta ƙi. Wannan yana cikin kan mutum ne, ranar da ya yi ritaya ko aka canza masa wurin aiki ko Allah Ya yi masa rasuwa, toh shikenan ya tafi da abinsa.

Da farko an ɗauka maganin shine tsari. A 1962 aka yi wani taro a Landan kan hanyoyin zane, burin mutanen shine a mayar da aikin matakai-matakai wanda kowa zai iya bi, su Pahl da Beitz na Jamus ma littafinsu na 1977 kan wannan layin yake. Sai dai tun a lokacin akwai masu cewa a dakata. Michael Polanyi a 1966 ya ce ɗan Adam ya san abin da ya fi ƙarfin bakinsa ya faɗa, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai walda a Gusau yana haɗa injin ɓarar gyaɗa ya san gaskiya ne, ka tambaye shi me yasa ya bar wannan tazarar tsakanin raga da ƙarfen da ke juyawa sai ya ce haka dai ake yi, alhali in ka matse ta kaɗan gyaɗar farfashewa za ta yi. A 1970 kuma Horst Rittel da Werner Kunz suka kawo shawarar a riƙa rubuta gardamar kanta, wato ga tambayar da ta taso, ga amsoshin da aka kawo, ga hujjar da ta sa aka ɗauki ɗaya aka bar sauran.

Wanda ni na fi ganin ƙoƙarinsa shine Thomas Allen na jami'ar MIT a Amurka. Shi bai zauna yana tsara yadda ya kamata injiniya ya yi aiki ba, bin su ya yi yana lissafin wa ke magana da wa. Abin da ya fitar a 1977 ya nuna injiniya in ya maƙale ba laburare yake fara zuwa ba, abokin aiki yake tambaya, kuma yawan maganar mutum biyu yana faɗuwa sosai da zarar teburansu sun yi nisa, da an wuce wasu gomman mitoci kusan daidai yake da suna gini daban. Ya kuma gano a kowace ma'aikata akwai mutum ɗaya ko biyu da su ne ƙofar da labarin waje ke shigowa, su ke karatu, su ke da abokai a wasu kamfanoni, kowa wajensu yake zuwa, kuma sau da yawa shugabanni ba su ma san da su ba.

Sai abin da ya faru a otal ɗin Hyatt Regency na Kansas City a Amurka ranar 17 ga Yulin 1981. Cikin gadojin tafiya da ke otal ɗin akwai guda biyu, ta hawa na huɗu a sama ta hawa na biyu a ƙarƙashinta, duk a rataye. A zanen farko doguwar sandar ƙarfe ɗaya ce za ta taso daga rufi ta ratsa gadar sama ta sauko ta riƙe ta ƙasa. Masu ƙera ƙarfen suka ga wannan zai yi wuyar haɗawa, suka raba sandar biyu, ɗaya daga rufi zuwa gadar sama, ɗaya daga gadar sama zuwa ta ƙasa. A ido ƙaramin canji ne, amma yanzu notin da ke ƙarƙashin gadar sama ya koma ɗaukar nauyin gada biyu maimakon ɗaya. Takardun suka wuce aka buga musu hatimi ba a sake lissafi ba, kowane ɓangare na ganin ɗayan ya duba. Ana cikin biki gadojin suka rufto, mutum 114 suka mutu, injiniyoyin suka rasa lasisinsu. Lissafin da zai tona matsalar ɗalibin aji biyu a jami'a ma zai iya yi, wanda zai ce a yi ɗin ne ba a samu ba.

A shekarun 1990 maganar adana ilimi ta zama yayi, kamfanoni suka zuba kuɗi a kwamfuta suna cewa kowa ya shigar da darasin da ya koya, da yawa daga rumbunan nan suka cika babu mai buɗewa. Nonaka da Takeuchi na Japan a 1995 suka nuna wata hanyar da labarin kamfanin Matsushita, da suke ƙera injin burodi na gida yana ta fitar da burodi mara kyau, sai da wata ma'aikaciyarsu Ikuko Tanaka ta je ta zama 'yar koyo a wajen babban mai burodin wani otal a Osaka, a nan ta lura yana murɗa kwaɓin yayin da yake jansa, abin da shi kansa bai taɓa faɗa ba, ta dawo aka saka wannan murɗawar cikin injin. Louis Bucciarelli shima a 1994 ya zauna cikin kamfanoni ya ga mai wuta da mai ƙarfe da mai lissafin kuɗi suna kallon abu ɗaya amma kowa da duniyarsa, zane ashe sulhu ne tsakaninsu.

Kwamfuta kuma ba ta raba gardamar ba. A 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta rasa kumbon Mars Climate Orbiter saboda manhajar wani ɓangare na bada alƙaluman ƙarfin turi da ma'aunin fam, ɗaya ɓangaren na karanta su a matsayin niyuton, wanda ma'auni ne daban. Jirgin Airbus A380 ya yi jinkirin kusan shekara biyu, cikin dalilan har da cewa Jamus da Faransa ba samfurin manhajar zane ta CATIA ɗaya suke aiki da shi ba, aka zo haɗa wayoyi suka ƙi kaiwa. Injin F-1 da ya ɗaga rokar zuwa wata a 1969 zanensa na nan a ajiye, amma da matasan injiniyoyin NASA suka so fahimtarsa wajen 2013 sai da suka kwance guda ɗaya gunduwa-gunduwa, don masu waldar da suka yi shi da hannu ba su rubuta dabarunsu ba. Irin wannan matsalar ce ta sa masu bincike a jami'ar Kambirij da kamfanin Rolls-Royce suka koma kan shawarar Rittel ta 1970, suka yi manhajar da injiniya ke rubuta dalilinsa yana cikin aikin, ba sai an gama ba.

Mu nan Zamfara ba sai mun je Kansas City ba. Madatsar Bakolori da kamfanin Impresit na Italiya ya gina aka kammala a 1978, an tsara ta da noman rani na kusan hekta 23,000, mafi yawa da famfunan feshi masu buƙatar wuta da kayan gyara, kuma kowa a yankin Talata Mafara ya san yadda ɓangaren feshin ya ƙare. William Adams ya yi bincike a 1985 kan ƙauyukan da ke ƙasan madatsar, ya nuna yadda raguwar ambaliya ta taɓa shinkafar fadama da kamun kifi. Manoman nan sun san lokacin da ruwa ke hawa da inda yake kwanciya tun kaka da kakanni, wannan ma ilimi ne da ya kamata ya shiga zanen, bai shiga yadda ya kamata ba. Ga kuma rikicin diyya na 1980 da aka rasa rayuka.

Ƙananan ayyuka ma haka. Na ga bohol mai sola a wani ƙauye ya tsaya, mai gyara ya buɗe akwatin ya tarar da wayoyi duk kala ɗaya an naɗe da salatif, babu zane, babu takardar zurfin rijiyar balle a san a mita nawa aka rataye famfon, ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa lambarsa ba ta shiga. Sai da aka zaro bututun gaba ɗaya ana ƙirgawa, mata na can suna tafiya rafi. Wallahi abin na ci min rai, domin shafi ɗaya da aka manna cikin murfin akwatin ya isa.

Muna da kwalejin fasaha a Kaura Namoda, muna da ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ga jami'a a Aliero, duk shekara ɗalibai na neman abin da za su yi furojet a kai. Wanda ya fara aiki a Bakolori yana ɗan shekara 25 a 1978 yau ya haura 70. Ina roƙon malamai su tura yara da waya su zauna da irin waɗannan dattawan, su bi magudanan tare, a tambaye su wace ƙofa ce ke maƙalewa, ina yashi ke taruwa, me Turawan suka canza a fili wanda ba ya cikin takarda, a ɗauki muryarsu a rubuta a ajiye kwafi a makaranta da ofishin aikin.