Don Allah ku daina ɗiga wa mara lafiyar da ke kan injin numfashi abu a baki

Masu jinya, da ku nake. A ɗakin kulawa ta musamman nake aiki, kuma abin nan ya ishe ni. Da mun juya baya ɗauko magani, sai a zaro 'yar gora daga cikin hijabi ko aljihun babbar riga, a ɗiga wa mara lafiya a baki. Wani zamzam, wani rubutu, wani zuma, wani ruwan tofi. Mu dawo mu tarar da gefen matashi a jiƙe, kowa ya sunkuyar da kai.

Na san ƙauna ce ta sa. Leɓen mahaifinka ya bushe har ya tsage kana kallo, wa zai jure? Amma wanda aka zura wa robar injin numfashi a maƙogwaro ba ya haɗiya yadda ya kamata, kuma in ya ƙware ba shi da ƙarfin tarin da zai fitar da abin. Abin da ka ɗiga taruwa yake a saman ɗan balan-balan ɗin da ke toshe gefen robar, ya gauraya da yawu da ƙwayoyin cutar baki, ya riƙa silalewa cikin huhu. Dama duk wanda ya wuce awa 48 a kan inji yana cikin haɗarin nimoniya, wato ciwon huhu, da ita muke ta fama dare da rana. Sai kai kuma ka ƙara mata hanya. Zazzaɓi ya rufe shi, majinar da muke zuƙowa ta koma rawaya ko kore, wanda muke shirin cire wa inji ya ƙara kwanaki a kai, kuɗin gado da na magani kuma ku ne za ku biya.

"Ai ɗan kaɗan ne, Sista." Babu kaɗan a nan! "Malam ne ya ce a ba shi." Malam bai ga robar ba. Ba mu hana addu'a ba, mu ma ita muke yi. Ku shafa masa zamzam ɗin a goshi da hannu, ku yi masa karatu kusa da kunne. Baki dai a bar shi.

Ba kuma yunwa ko ƙishirwa muka bar shi da su ba. Siririyar robar da ke hancinsa har ciki ta kai, ta nan yake samun abinci, ga ƙarin ruwa ta jijiya. Bakin ma muna wanke shi sau da yawa a rana. In kun ga leɓe ya bushe, ku kira nas.

Sauran a taƙaice:
- Da gangan muka ɗaga kan gadon, digiri 30 zuwa 45. Kada ku kwantar da shi wai don ya huta.
- A wanke hannu kafin a taɓa shi da bayan an taɓa.
- Mai mura ko tari ya yi dubiya daga waje.
- Kada a taɓa robobin injin.
- In ya fara motsi da safe, sau da yawa maganin barci muka rage don mu gwada ko zai iya numfashi da kansa.

In kuma har an riga an ba shi wani abu, Hajiya, Alhaji, ku faɗa mana nan take, da abin da aka ba shi da yawansa. Faɗa za mu yi, ba shakka, amma za mu zuƙe abin da ya taru tun bai gangara ba, mu sanar da likita.